Shekarar da Baba Ya Ƙi Shan Ruwan Rijiyarmu

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana faɗa a Madabo cewa ni na jawo aka sauke kakanku daga limanci. Wasu har ƙarawa suke yi wai boko ne ya shiga gidanmu ya kori karatu. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga tushe ba, domin da kuna yara ba za ku gane ba, da kuka girma kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu da na ajiye aiki, ƙafa ta yi nauyi, bari in faɗa muku yadda aka yi. Kuma ku sani tun yanzu, ba labarin baƙin ciki ba ne. A duk shekarun da Allah Ya ba ni, babu wadda nake tunawa in kama dariya ni kaɗai a ɗaki kamar wannan.

Kun san gidanmu, amma ba ku san rijiyarsa yadda take a da ba. Kakana, mahaifin Baba, shi ya haƙa ta bayan ya taso daga Borno neman ilimi ya zauna a Kano. Tana tsakanin soron gidanmu da ɗan masallacin unguwa. Ruwanta sanyi ƙalau, ga garɗi, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Da shi ake alwala, da shi ake wanke rubutun sha, kuma in mace ta fara naƙuda a lungunmu sai an aiko an ɗebar mata. Mutane suna cewa albarkar tsohon ce take bin ruwan. Mu ma haka muka yarda, har gobe kuma ban fasa yarda ba. Baba, Malam Bukar, shi ya gaji limancin masallacin da karatun soro. Mutum ne mai sanyin magana. In ka yi masa tambaya sai ya shafa gemu ya dube ka har ka fara tunanin ko ka yi laifi, sannan ya amsa a taƙaice. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Fanna, don haka bai taɓa kirana da shi ba, Uwata yake cewa. Inna kuwa, wadda ta haife ni, ita ce muryar gidan. Turaren wuta da humra take haɗawa tana sayarwa, kuma in tana ciniki da mai icce a ƙofar gida, sai Baba ya dakatar da karatu har su gama, don babu mai jin wani. Baba ne ya sa ni makarantar boko bayan na yi nisa a allo, shi ya tsaya har na koyi aikin gwaje-gwaje na asibiti. Ranar da na fara aiki na dawo ina ba su labari, Inna ta riƙe haɓa.

"Malam, yanzu duk shekarun nan da yarinyar nan ta kwashe tana karatu, ashe kashi da fitsarin mutane za ta riƙa dubawa?"

Baba ya ce, "Dole dai wani ya duba. Gara wadda ta iya tsarki."

A shekarar da nake ba ku labari ina ɗauke da cikin Abba, cikina na fari. Bisa al'ada babanku ya maido ni gida daga Zaitawa goyon ciki, amma ban daina zuwa aiki ba. Daminar ta yi ruwa ƙwarai, kwatoci suka cika, katangu suka jiƙe. Sai amai da gudawa suka shigo unguwa, suka fi kama yara. A wurin aiki na riƙa ganin iyayen da na sani tsaye a bakin taga da 'yan kwalabe a hannu, duk 'yan lungunmu ne da na bayansa. Mutanen can gaba masu shan famfo kuwa shiru. Abin ya tsaya mini a rai. Ana nan na tuna da sabon masai da aka haƙa a bayan masallaci kafin saukar ruwa, ba shi da nisa da bakin rijiyar. Malam Habu ne da samarinsa suka haƙa shi. Shi Malam Habu babban ɗalibin Baba ne, a soronmu ya yi sauka, Inna ce ta soya wainar ranar. Ya tara samarin unguwa suna sharar masallaci, suna haƙa kabari in an yi rasuwa, suna yashe kwata. Da hannunsu suka yi wannan masai don masu zuwa salla, babu wanda ya sa su. Kowa ya sa musu albarka, har da ni.

Na ɗebi ruwan rijiyar a kwalba mai tsabta na kai wurin aiki. Na shafa shi a kan farantin da muke renon ƙwayoyin cuta, na sa a na'urar ɗumi, ina addu'ar kada komai ya tsiro. Ya tsiro. Na sake ɗebowa na ba shugaban ɗakinmu ya maimaita, ban gaya masa daga inda ruwan ya fito ba. Abin da na gani shi ya gani. Cutar da ke cikin yaran nan ita ce a cikin rijiyar kakana. Na kwana biyu ina juya maganar kafin na samu Baba da hantsi yana shan kunu a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa da ƙyar saboda ciki, na gaya masa. Ya ajiye ludayin.

"Launin ruwan ya sake?"

"Bai sake ba, Baba."

"Ɗanɗanonsa fa, ko warinsa?"

"Duk suna nan yadda suke."

"To ina ƙazantar take?"

"Ido ba ya ganinta, Baba."

"Ke da wane idon kika gan ta?"

Na ce akwai madubi a wurin aikinmu da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, in ya yarda ya zo ya duba da kansa. Na zaci zai ce in ba shi lokaci. Sai kawai ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta fito masa da farar rigarsa.

Babanku ne ya kai shi a bayan babur. Ku da kuka san kunyar da ke tsakanin babanku da Baba, ku ƙiyasta tafiyar. Suruki a gaba, suruki a baya, Baba ya ƙi riƙe shi, shi kuma ya ƙi yin gudu. Daga Ƙofar Wambai har asibiti masu keke suna ta wuce su. Ni da na hau tasi na riga su isa har na shirya komai. Na ɗiga ruwan da ƙwayoyin suka yi yawa a ciki a kan ɗan gilashi, na sa a ƙarƙashin madubin, na jawo wa Baba kujera. Ya tura hularsa baya, ya sunkuya.

"Uwata, ni fa gashin idona kawai nake gani."

Na gyara masa zama, na murɗa madubin a hankali. Sai na ga kafaɗarsa ta tsaya cak. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Subhanallahi. Duk waɗannan a ɗigo ɗaya? Ji yadda suke kai da kawowa, sai ka ce 'yan kasuwar Wambai ana gobe salla. Suna da rai?"

"Suna da rai, Baba. Suna ci, suna hayayyafa."

"Suna ci! To wa yake ciyar da su a can ƙasan rijiya?"

Bai jira amsa ba, ya yi dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ya yi a gaban mutane ba. Ya ɗago idonsa da ƙwalla.

"Tun kafin a haife ki nake gaya wa ɗalibai cewa halittar Allah ba ta ƙirguwa. Ashe da baki kawai nake faɗa."

Ranar sai da aikin ɗakinmu ya tsaya. Baba ya ƙi tashi daga kujerar. Ya sa aka tsaga masa yatsa don ya ga jininsa, ya ciro zare daga bakin rawaninsa aka sa masa, ya tambayi shugabanmu ko akwai abin da ya fi waɗannan ƙanƙanta. Da aka ce masa akwai, har wannan madubin ma ba ya kama su, sai ya yi ta tasbihi yana girgiza kai. Da muka dawo gida ya kira ni ya ce a hukunci ruwan bai fita daga tsarki ba, tunda siffarsa ba ta sake ba, amma hukuncin tsarki daban, hukuncin cutar da kai da 'ya'yan mutane daban, kuma wanda ya sani ya yi shiru shi ke da alhaki. Bayan sallar la'asar ya juyo ya gaya wa jama'a. Ya ce a riƙa tafasa ruwa kafin a sha, a dakata da rijiyar, a matsar da masai, a bar ma'aikatan lafiya su zo su zuba maganin da ke kashe ƙwayoyin. Bai ambaci sunan kowa ba.

Washegari Malam Habu ya zo soro. Ina daga ciki ina jin su.

"Allah gafarta Malam, rijiyar mahaifinku ce fa. Yau kuma kwalbar asibiti ce za ta gaya mana ruwan da muke wanke ayoyi da shi cuta ne?"

"Ba kwalba ce ta gaya mini ba, Habu. Da idona na gani."

"Ai cuta daga Allah take, Malam."

"Daga wurin wa ka ji na ce take? Shi Ya halicci cutar, Shi Ya halicci hanyar da take bi, Shi Ya ba mu wutar tafasa ruwa. Zo gobe in kai ka ka gani."

"Ba zan kai idona inda zai ɓata mini zuciya ba."

Na sha tunani a kan wannan amsa tasa. Malam Habu ba mugu ba ne, kuma ba jahili ba ne. Ina jin abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce aikin da ya yi don Allah shi ya kwantar da yaran unguwa. Babu wanda ya faɗa masa haka, amma kunnensa ya jiye masa. Da shi kaɗai ne, da ya huce a 'yan kwanaki ya dawo. Amma yana da samari a bayansa, kowanne yana so ya nuna ya fi ɗan'uwansa kishin addini, sai magana ta fi ƙarfin wanda ya fara ta. Aka ce na sayar da rijiyar ga gwamnati. Aka ce madubin asibiti tsafi ne, abin da aka so mutum ya gani shi zai gani. Daga ƙarshe aka ce maganin da za a zuba na hana haihuwa ne. Da wannan ta iso kunnen Inna, sai ta je bakin soro ta ɗaga murya yadda duk lungu zai ji.

"Masu cewa maganin hana haihuwa ne su shigo su ga mai aiki da shi! Da ƙyar take wuce ƙofar ɗaki!"

Abin da ya fi muni ya faru ne wata ranar Alhamis bayan la'asar. Babanku ya zo duba ni, salla ta riske shi, ya shiga masallaci. Ana sallamewa samarin suka tsaya a bakin ƙofa, aka shigo da guga cike da ruwan rijiyar da moɗa a ciki. Malam Habu ya ce duk wanda ya dogara ga Allah ba ga kwalba ba, ya sha a gani. Aka fara daga ƙarshen sahu. Mutum zai karɓa, ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya kafa kai, samari su yi kabbara. Akwai wanda ɗansa yake kwance a asibiti a lokacin, ya sha. Akwai tsoho Malam Sule ladan, wanda jikinsa ba ƙwari, ya sha. Babanku, wanda ya ga abin da Baba ya gani a madubi, shi ma da moɗar ta iso hannunsa ya sha. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta, in kuma ƙara da cewa ruwan ya yi sanyi. Ya ce bai yanke shawarar sha ba, ganin moɗar kawai ya yi ta koma babu komai a ciki. Da aka zo kan Baba, ya karɓi moɗar ya riƙe. Ta tagar soro nake jin muryarsa.

"Habu, ubana ya haƙa rijiyar nan don a rayu. Ba zan sha ba. Wanda ya sha yau don ya yarda da ruwan, tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda kuma ya sha don tsoron idonku, to ku ya ji tsoro, ba Allah ba, kuma ku za a tambaya."

Ya ajiye moɗar a kan tabarma. Wani daga baya ya ce ba za su ƙara bin limamin da ke shakkar ƙaddara ba, wasu suka amsa. Baba bai yi musu ba. Ya naɗe buzunsa, ya fito.

Da magariba Malam Habu ne ya ja salla, Baba yana sahun baya. Daga ranar aka ƙaurace mana. Ɗaliban soro suka ɗauke ƙafa. Wanda Baba ya raɗa wa suna, ya ɗaura wa aure, sai ya hango shi a lungu ya shige wani soron. An gargaɗi kowane magidanci cewa duk matar da ta taka gidanmu, mijinta ma ya shiga sahunmu. Masu aikowa sayen turare suka daina. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, na ce wa Baba ni na jawo masa. Ya ce in daina ɗaukar wa kaina girman da ba nawa ba, shi ya gani, shi ya faɗa. Amma gidan bai zama gidan makoki ba, Inna ba za ta bari ba. Tunda soro ya zama fanko, sai ta kwashe kaskon turarenta ta koma can, ta ce ta daɗe tana sha'awar iskar wurin. Baba kuma da ya rasa ɗalibai sai ya mayar da ni malama. Kullum bayan azahar zai zauna in zana masa yadda jini ke zagaya jiki, da yadda jaririn da ke cikina yake samun abinci, shi kuma yana jawo mini abin da magabatan malamai suka faɗa, wani wuri mu haɗu, wani wuri ya ce a bar wannan tukuna sai ya yi tunani. Ban taɓa samun mahaifina kamar a waɗannan makonni ba.

Babanku kuwa ruwan bai bar shi ba. Ya kwanta a Zaitawa yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida har ya rame. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, aka yi masa magani, Allah Ya tashi kafaɗarsa. Ranar da ya fara fitowa ya zo gaida su Baba, kansa a ƙasa. Inna ba ta magana da shi kai tsaye saboda surukuta, don haka sai ta juya ta fuskanci randa.

"Fanna, ki ce ina gaida mai tawakkali. Ki tambaye shi ko a ƙaro masa."

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma bayan ya tafi Baba ya kira mu, ni da Inna, ya ce kada a ƙara yi masa gori.

"Ba ku san nauyin idon jama'a ba sai ya sauka a kanku. Ni ma da na ajiye moɗar, sai da na ji nauyinsa. Da ƙuruciyata ce, ban san abin da zan yi ba."

A cikin wannan hali na haifi Abba, da safe, lafiya lau, ƙato da shi. Aka fara shirin suna. Na ce wa Inna a yi abinci kaɗan tunda babu mai zuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce jikanta na fari ba za a yi masa sunan marayu ba, in babu mai ci ta ci da kanta. Ta sa aka dafa tuwon shinkafa da miyar taushe tukunya-tukunya, ta yi burabusko irin na mutanenmu, aka soya waina da funkaso, ta turare gidan har maƙwabta suna atishawa. Da safe aka raɗa suna a soro. Daga Baba sai babanku da danginsa na Zaitawa da wanzami. Daga Madabo babu ko mutum ɗaya. Baba ya yi addu'a kamar soron a cike yake. Rana ta yi, na yi wanka na ci ado na zauna a ɗaki da jariri, tsakar gida babu kowa sai dangin babanku mata da tukwanen Inna.

Bayan azahar sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya, wadda ke fita wani ɗan matsattsen lungu. Inna ta buɗe. Maƙwabciyarmu ce, Hajiya Rabi, ta lulluɓe har ido, da sabulu da turmin atamfa a ƙarƙashin mayafi.

"Don Allah Inna kada ki gaya wa kowa na zo. Cewa na yi zan je dubiya. In ga yaron kawai in tafi."

Inna ta shigar da ita ɗakina ta sakaya labule. Ba ta gama ɗaukar Abba ba aka sake ƙwanƙwasawa. Wata ce, ita ma a lulluɓe, ita ma kada a gaya wa kowa. Inna ta kai ta ɗakinta. Ta uku aka kai ta ɗakin girki. Kafin la'asar ɗakunan gidan sun ƙare, Inna tana ta zarya da kwanuka tana cije leɓe, kowace baƙuwa tana magana ƙasa-ƙasa don tana zaton ita kaɗai ce ta karya doka. Sai aka yi wani bugu mai ƙarfi. Da aka buɗe, Gwaggo Ladi ce, mahaifiyar Malam Habu, da sandarta, ko lulluɓin kirki ba ta yi ba. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi takalman da ke jere a ƙofar kowane ɗaki.

"Wannan takalmin Rabi ne. Wancan na matar ɗana ne, ni na saya mata. Ku fito, munafukan Allah, duk na gan ku!"

Labule ya fara motsi. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kallon 'yar'uwarta baki buɗe. Sai Hajiya Rabi ta fashe da dariya, sai gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Wata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, wata tana nuna maƙwabciyarta tana cewa ke da kika ce mini kin tafi awo. Aka rangaɗa guɗa. Ana cikin ci Gwaggo Ladi ta ce ita tun ranar da Malam ya yi magana take tafasa ruwan gidanta, ta juye a randa ya huce, Habu yana sha yana yabon albarkar rijiya. Sai wannan ta ce ita ma, waccan ta ce ita ma. Wata ta ce mijinta ne ma ya ce ta tafasa, amma ta rufe ƙofa kada a ga hayaƙi. Ashe kusan duk unguwar tafasawa ake yi a ɓoye, kowane gida yana tsoron na kusa da shi, na kusa da shi kuma yana tsoronsa. Ina zaune da Abba a cinya ina dariya, hawaye yana zuba, na rasa na murna ne ko na haushi. Tukwanen Inna kuwa har ƙanzo sai da aka kankare.

Matan nan da suka koma gida ba su yi shiru ba. A 'yan kwanaki maza suka gano abin da matansu suka riga suka gano, gaisuwa ta fara dawowa, da fari a raɗe, daga baya a fili. Wata safiya muka ji ƙarar shebur a bayan masallaci. Samarin ne suke cike masai, Malam Habu yana gaba, laka har gwiwa. Ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba magani, aka ɗaure bakin rijiyar da siminti aka yi mata murfi, cutar ta lafa. Babu wanda ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, Baba kuma bai nema ba. Amma kada ku ɗauka abin ya wuce a banza. Cikin waɗanda suka sha a masallaci da yawa sun kwanta, kuma Malam Sule ladan bai ƙara samun ƙarfin kiran salla ba har ya koma ga Allah. Mutumin da bai taɓa musu da kowa ba, kunyar samarin nan ta sa shi ya sha. Duk lokacin da na ji taro ya haɗa baki yana cewa kowa ya yi kaza a gani, shi nake tunawa.

Dattawan unguwa sun zo har soro suna roƙon Baba ya koma limanci. Ya ƙi. Ya ce in ya koma, masallacin zai rabu biyu, masu cewa sun yi nasara da masu jin an kayar da su, kuma shi bai ga abin da salla za ta ƙaru da shi a haka ba. Ɗalibai sun dawo, har da Malam Habu, wanda ya ci gaba da durƙusawa a gabansa da littafi kamar da. Amma salla, Baba a bayan ɗalibinsa ya yi ta har ƙarshen rayuwarsa. Wannan shi ne abin da kuka ji ana kira saukewa.

Ranar da na yi arba'in ina shirin komawa Zaitawa, na same shi a ƙofar ɗakinsa da Abba a hannu, yana yi masa wasa da gemu. Na tambaye shi abin da na daɗe ina so in tambaya, ko abin yana yi masa zafi.

"Yana yi mana, Uwata. Wurin ubana ne. Wani lokaci in aka tayar da iƙama sai ƙafata ta nufi gaba da kanta, sai na tuna."

"To me ya sa ba za ku karɓa ba, Baba?"

"Kin taɓa sauraron karatun Habu da kyau? Shekara da shekaru ina gaba, ban taɓa samun damar jin abin da na koyar ba. Yanzu ina baya ina ji. Yaron nan ya iya. Wuri ɗaya ne kawai yake jan madda fiye da kima, kuma ina nan ina jiran ranar da zan gaya masa."

Daga ɗakin girki Inna ta ce, "In kai kana jin nauyi, Malam, ni sai in gaya masa ta katanga."

Baba ya yi dariya har Abba ya firgita. Ana haka aka kira azahar. Ya miƙo mini yaron, ya zura takalmansa, ya ce bari ya yi sauri, in ya makara ba ya samun wuri kusa da taga.